Tambaya da Amsa: Takardar koke ce ta ba mata ƙuri'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Daura. Na ji an ce da takardar koke mata suka samu 'yancin zaɓe a wasu ƙasashe. Yaya ake haɗa ta? Mu kuma nan Arewa yaushe abin ya iso mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Misalin da za ki kai aji shi ne na New Zealand, a 1893. Kate Sheppard da abokan gwagwarmayarta sun buga takardu masu ɗauke da buƙata ɗaya, suka rarraba gari-gari, kowace mace ta sa hannu ta rubuta inda take zaune. Da takardun suka dawo sai aka liƙa su baki da baki, aka naɗe kamar tabarma. Naɗi mafi girma ya kai kusan mita 270, da sa hannu sama da 25,000. Idan aka haɗa da ƙananan, mata kusan 32,000 ke nan.

Sai dai takarda ba ta da ƙafa. Dole a samu ɗan majalisa da zai shigar da ita, kuma John Hall ne ya yi musu wannan. Kafin nan sun kai koke a 1891 da 1892, ƙudurin yana tsallake majalisar wakilai, ya je ya maƙale a majalisar sama. Masu sana'ar giya ma sun sa ƙafa, don sun san da yawa daga cikin jagororin matan nan 'yan ƙungiyar yaƙi da shan barasa ne. A karo na uku da kyar ya wuce, 20 da 18, gwamna ya sa hannu ran 19 ga Satumba.

Ki ja hankalin ɗalibanki kan wani abu da ake yawan cakuɗawa: jefa ƙuri'a daban, tsayawa takara daban. Matan New Zealand sai 1919 aka yarda su nemi kujerar majalisa, kuma sai 1933 mace ta farko, Elizabeth McCombs, ta shiga. A Ingila an fi jan ƙafa: ɗan majalisa John Stuart Mill ya kai koken mata kusan 1,500 gaban majalisa a 1866, amma sai 1918 aka ba da ƙuri'a ga masu shekara 30 zuwa sama da suka cika sharaɗin dukiya.

Mu namu bai bi ta naɗin takarda ba. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya na 1959, na Arewa aka bar su a gida, duk da cewa Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri a kan wannan magana. Abin mamaki, a yankin da tarihin baka ke cewa Magajiya Daurama ta yi sarauta a garinku. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi na gwamnatin Obasanjo, matan Arewa suka samu ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita.