Tambaya da Amsa: Rabon ganima na neman wargaza mana ƙungiya, wane tsari za mu bi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ne shugaban wata ƙungiya a tsohon zubin wasan intanet na World of Warcraft, mu 25 muke fita farmakin dodanni dare biyu a mako. Tun da muka fara, ƙuri'ar sa'a muke jefawa, wanda lambarsa ta fi yawa ya ɗauka, a kan duk abin da dodo ya zubar. Makon jiya takobin da wani ɗan'uwanmu ya yi wata huɗu yana jira ya faɗo, sai wani baƙo da bai wuce mako biyu da shigowa ba ya ci ƙuri'ar, bayan kwana uku kuma ya koma wata ƙungiyar. Yanzu biyu daga cikin tsofaffinmu sun ce sun gaji. Mataimakana suna so mu kafa majalisar da za ta riƙa yin rabon, wasu kuma sun ce wannan hanyar fifita shafaffu da mai ce. Wanne ya fi adalci?

Amsa: Ɗan'uwa, labarin nan ya taɓa ni, domin wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Mutumin da ya yi ta mutuwa yana tashi tare da ku a gaban dodo ɗaya har kuka gano lagonsa yana da haƙƙin da ƙuri'a ba ta san da zamansa ba. Sai dai kada ku ɗora wa baƙon laifi. Dokar da ya tarar ita ya bi, ɓarakar tana cikin dokar ne.

Wannan matsala ta girmi ƙungiyarku nesa ba kusa ba. Tun a 1999, shekarar da wasan EverQuest ya fito, wata ƙungiya mai suna Afterlife ta ƙirƙiro tsarin DKP, wato makin kashe dodo, saboda manyan dodannin wasan na lokacin, Lady Vox da Lord Nagafen, sai an tara jama'a da yawa ake iya kayar da su, abin da suke zubarwa kuwa bai taka kara ya karya ba. Da World of Warcraft ya zo a 2004, farmakin Molten Core mutum 40 yake ci, galibin dodannin kuma abin da suke bari bai cika yatsun hannu ɗaya ba, sannan sai wani makon. Duk tsarin rabon da ka ji ana gardama a kansa yau daga wannan ƙaranci ya samo asali.

Ƙuri'ar da kuke jefawa daga 1 zuwa 100 tana da wurinta. Idan baƙi ne suka haɗu dare ɗaya, gobe kowa ya kama gabansa, babu abin da ya fi ta. Aibinta guda ne: ba ta da tunani, ba ta tuna wanda ya zo jiya. Ɗauki lissafi mai sauƙi. A ce duk sanda makami ya faɗo mutum biyar ne ke nemansa, domin da wani ya samu sai wani sabo ya maye gurbinsa. Damar da mutum ɗaya yake da ita ta faɗuwa sau biyar a jere ta kusa kashi 33 cikin 100. Wato cikin irin waɗannan mutane uku, ɗaya zai ga makamin ya wuce shi sau biyar ba tare da kowa ya cuce shi ba. A ƙungiyar da ke tare wata da watanni, abin da ya same ku dole ne ya faru, ko yau ko gobe.

DKP ya zo ne don ya ba rabo tunani: ka halarta ka tara maki, ka sayi kaya da makinka. Ya yi aiki shekaru, amma na ga cututtukansa da idona. Na farko shi ne ɓoyo. Mutum ya ƙi karɓar sulken da zai amfane shi don yana tara maki saboda makami ɗaya, sai a narkar da sulken a gaban kowa, ƙungiya ta shiga mako na gaba da rauninta. Na biyu, makin tsofaffi ya yi ta hauhawa har sabon shiga ya lissafa ya ga ba zai kamo su ba ko da zai shekara, sai ya sulale. Na uku, inda ake gwanjo, masu neman kaya iri ɗaya su haɗa baki su riƙa taya shi da araha. Kowanne yana da magani, amma sai an yi ta facin dokoki.

Shi ya sa ga ƙungiya irin taku na fi karkata ga tsarin da ake kira EPGP. Littafi biyu ake riƙewa ga kowane mutum: makin ƙoƙari, da makin kayan da ya karɓa. Sai a raba na farko da na biyu, wanda sakamakonsa ya fi yawa shi ne a gaba. Misali, wani yana da makin ƙoƙari 1000 ya karɓi kayan 200, sakamakonsa 5. Wani yana da 600 ya karɓi na 100, nasa 6. Na biyun ne zai ɗauka, ko da yake na farkon ya fi shi daɗewa, saboda rabonsa bai kai guminsa ba tukuna. Da ya ɗauki abu mai daraja 100, sakamakonsa ya sauko zuwa 3, layi ya dawo kan na farkon. Kowane mako kuma a zabtare wani kaso, da yawa suna amfani da kashi 10 cikin 100, daga littattafan biyu, don tsohon tarihi ya riƙa yin sauƙi, ɓoyo kuma ya daina riba. Ku sa mafi ƙarancin makin ƙoƙarin da sai mutum ya kai shi kafin ya shiga layin manyan kaya. Da kuna da wannan ƙa'ida ɗaya, da takobin nan yana hannun mai shi.

Abin da ya fi tsarin kansa muhimmanci shi ne me kuke ba wa maki. A nan shugabanni da yawa suke tuntuɓe. Idan kashe dodo kawai ke kawo maki, kun hukunta waɗanda suka kwana suna faɗuwa a daren koyo, kun saka wa wanda ba ya zuwa sai an riga an share hanya. Ku ba lokaci maki, ku ba zuwa a kan kari maki, daren da ba a kashe komai ba ma ya fi cancanta. Sannan ɗan benci. Akwai wata mai warkarwa a ƙungiyar da na taɓa riƙewa, dare uku a jere muna ce mata ta jira a waje saboda gurbi ya cika. Tana zaune da magungunanta a jaka, tana jin muryoyinmu, ba ta fita ba ko za a neme ta. Ranar da aka karanta maki sai ga ta a ƙasa, domin dokarmu ba ta lissafa jira. Ba ta ce uffan ba, ta yi mana sallama cikin ladabi, ba ta sake dawowa ba. Laifina ne, kuma har yau yana damuna. Wanda kuka zaunar a benci ku ba shi cikakken maki.

Yanzu maganar majalisa. Mataimakanka ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai kayan da lissafi ba ya iya rabawa daidai: garkuwar da idan mai tare duka na gaba ya riƙe ta mutum 24 za su tsira, ko makamin da ake haɗawa guntu-guntu tsawon watanni. Irin waɗannan ido ne ke raba su, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Masu tsoron shafaffu da mai su ma suna da hujja, domin na ga yadda ɗakin murya ke yin tsit idan shugaba ya miƙa wa abokinsa abu ba tare da bayani ba, kuma wannan shirun ya fi zagi haɗari. Saboda haka ku taƙaita majalisar ga 'yan kaya ƙalilan, ku rubuta sunayensu tun kafin a shiga farmaki, ku faɗi wa zai fara samu da dalili. Duk ɗan majalisar da ke son abu ya fita daga shawarar. Ku sa kujera ɗaya da ake juyawa tsakanin sauran 'yan ƙungiya. Abin da majalisa ta ba mutum kuma a rubuta shi a littafin kayansa kamar na kowa, har da kai shugaba.

Gwanjo da zinariyar cikin wasa, wanda ake kira GDKP, ba zan ba ku shawararsa ba. Yana mayar da rabo hannun mai aljihu, kuma Blizzard, kamfanin da ya yi wasan, da kansa ya hana shi a Season of Discovery, wani zango na tsohon zubin wasan, a watan Fabrairun 2024 saboda alaƙarsa da sayen zinariya ta haramtacciyar hanya. Kamfanin ma ya sha juya wannan lamari: a 2018 ya cire ikon da mutum ɗaya yake da shi na raba kaya da hannunsa daga sabon zubin wasan, kwamfuta ta riƙa ba kowa nasa, a 2022 kuma ya dawo da ƙuri'ar rukuni a farmaki.

Tun ran gini tun ran zane, don haka kada ka sauya komai a tsakiyar dare ana kan gawar dodo. Ka kira taro kafin farmaki na gaba, ka karanta dokar, ka bar mutane su yi gardama, sannan a ajiye littafin maki inda kowa zai iya buɗewa ya ga nasa da na wani. Idan kuna da bayanan halarta na watannin baya, ku lissafa wa tsofaffi makinsu daga nan don kada su fara daga sifili tare da wanda ya zo jiya. Shi kuma mai jiran takobin, ka same shi kai da shi kafin taron, ka gaya masa dokarku ce ta gaza, ka nuna masa inda sunansa ya tsaya a sabon layi.