Amsa ga mai tambaya kan haɗa hutun shekara da hutun gwamnati

Ɗan uwa, na ga tambayarka, cewa ba ka daɗe da kama aiki a Abuja ba, iyayenka suna Arewa, kana son sanin yadda za ka tsara hutunka na shekara ya kai ka gida da sallah ba tare da ya ƙare a tafiya ɗaya ba. Na shekara goma sha biyu ina wannan lissafin tsakanin Abuja da Funtuwa, bari in faɗa maka abin da na koya.

Kafin ka ɗauki kalanda, je wurin masu kula da ma'aikata ka tambaye su abu ɗaya: da ranakun aiki ake ƙirga hutu a nan, ko da kwanakin kalanda? Duk dabarar a kan wannan ta tsaya. In da kwanakin kalanda ne, Asabar da Lahadi da ranar sallah duk a cikin hutunka za a cire su, sai dai ka sa hutun ya fara bayan hutun gwamnati ko ya ƙare kafinsa. In da ranakun aiki ne, duk ranar hutun da ta faɗo a tsakiya kyauta ka same ta. A aikin gwamnatin tarayya mai matakin albashi na 7 zuwa sama kwana 30 yake da shi, na 4 zuwa 6 kwana 21, na ƙasa da haka 14, kuma tun 2022 aka fitar da takardar da ta ce a riƙa ƙirgawa da ranakun aiki. Kamfani kuwa abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki shi ne hukunci. Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida na aiki kawai ta tilasta bayan wata goma sha biyu, abin da ya ƙaru a kai alheri ne na yarjejeniyarku. Ka tambaya har wa yau ko ana yarda a raba hutun gida biyu ko uku, don akwai wuraren da sai dai ka ɗauka gaba ɗaya.

Ranakun hutun namu kashi biyu ne. Akwai masu tsayayyar rana: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba. Ista ma tana cikin masu sauƙi, don ko da kwanan watanta yana canzawa, an san shi tun farkon shekara, kuma kullum Juma'a ce da Litinin. Ka ɗauki Talata zuwa Juma'a bayan Litinin ɗin Ista, kwana huɗu ka kashe, kwana goma ka yi a gida. Mu Musulmi muna yawan mantawa da wannan hutun, alhali lokacin hanyar Arewa ba cunkoso, kuɗin mota bai tashi ba.

Sai masu bin ganin wata, wato ƙaramar sallah, babbar sallah da Maulidi. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kusan kwana goma sha ɗaya, shi ya sa sallah take matsowa baya kowace shekara, kuma wani lokaci ta zo ta jingina da wani hutun. A 2025 an yi babbar sallah ranar Juma'a 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da Juma'ar da Litinin 9 ga wata, ga Alhamis 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Na cike takardar Talata, Laraba da Juma'a. Kwana uku na bayar, na kwana goma a gida, daga 6 har 15 ga wata. Naman layya ma a gabana aka soye shi aka zuba a garwa, na raka yara gidajen dangi, na dawo Abuja ranar Lahadi lokacin da tasha ta yi sauƙi.

Babbar sallah ba ta da wahalar tsarawa, tunda da zarar Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Zulhajji ka san ranar goma ga wata. Ƙaramar sallah ce mai rikita lissafi, don sai daren 29 ga Ramadan ake sanin gobe ce ko jibi. Ka tuna 2024. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, wata bai fito ba, azumi ya cika talatin, sallah ta koma Laraba, aka ƙara Alhamis. Ina da abokin aiki da ya riga ya biya kuɗin motar dawowa ta ranar Laraba, ranar idi ke nan, kuɗin suka tafi a banza. Ni Alhamis da Juma'a na nema tun farko, da aka ƙara Alhamis sai aka mayar mini da kwana ɗaya. Tun daga nan na tsaya a kan cewa kwanakin bayan ƙaramar sallah ake nema. Ko wata ya fito ko bai fito ba, ba ka yi asara ba. In za ka ɗauki wani abu kafinta, kwana ɗaya na tafiya ya isa, don kada jajibiri ya same ka a tashar Zuba da azumi a baki, ana rububin kujera.

Sai dai ka sani, wannan lissafin ba kai kaɗai ka iya shi ba. Kowa a ofis yana kallon kalandar nan, kuma ba shugaban da zai bar sashe ba kowa. Wanda ya fara rubuta sunansa a jadawalin hutu a watan Janairu shi ke samu. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne fahimtar juna da abokan aikina Kirista. Akwai wata baiwar Allah da muka yi shekara shida a tebur ɗaya, duk Disamba ni nake riƙe aikinta ta tafi garinsu, duk sallah ita ke riƙe nawa. Tare muke shiga wurin shugaba, kowa ya rubuta sunan ɗan uwansa a matsayin mai riƙon aiki, bai taɓa mayar mana da takarda ba. Kuma kada ka kama hanya sai takardar amincewa ta shigo hannunka da sa hannu. Na taɓa tafiya a kan "je ka kawai, za a sa hannu", na dawo na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wanda ya ce in tafi kuma ya ce bai tuna ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi so ka riƙe. Kada ka zuba kwanakinka duka a jikin hutun gwamnati. Ranar da kake hutu saboda sallah, likitan da ke duba hawan jinin Hajiya shi ma yana hutu, banki a rufe, ofishin filaye a rufe, makarantar yara a rufe. Shekara uku ina zuwa gida da sallah ina cewa mahaifiyata zan kai ta a duba mata ido, kullum sai mu tarar ba asibitin ƙwararru sai na gaggawa. Sai da na ware kwana biyar a wani mako na watan Nuwamba wanda ba bikin komai, muka je Kaduna aka yi mata aikin yanar ido, na zauna da ita ina ɗiga mata magani har aka cire bandejin. Yanzu kowace shekara haka nake rabawa: kaso mafi yawa ga sallolin nan biyu, kwana huɗu ga Ista in yara sun samu hutu, sannan kwana biyar zuwa bakwai in ajiye su ban taɓa ba, saboda asibiti, ko rasuwa, ko lokacin kaka in an fara casar masara. In Disamba ta matso ban yi amfani da su ba, sai in ɗauke su a farkon watan, kafin abokiyar aikina ta tafi nata.

Ka gaishe da su Baba in ka je, Allah ya sa albarka a aikin.