Kada Ka Fasa Su, Sabuwar Sarauniya Suke Reno

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka buɗe akwatin ƙudan zumarka ba ka ga sarauniya ba, sai wasu dogayen ɗakuna guda uku masu kama da ɓawon gyaɗa a tsakiyar saƙa, kana tambaya ko ka fasa su. Don Allah kar ka taɓa su.

Idan sarauniya ta tsufa, ƙwanta ya ragu, ƙamshin da take yaɗawa a gidan ya yi rauni, ma'aikata ba sa jiran ta mutu. Sai su gina ɗaki na musamman na renon sabuwar sarauniya, irin waɗanda ka gani, su yi ta ɗura wa tsutsar ciki wani farin abinci mai kauri da ke fita daga kawunansu. Ƙwai iri ɗaya ne da na ma'aikaciya, ciyarwa ce ta bambanta su. Sarauniya kwana 16 take yi ta fito, ma'aikaciya 21.

Abin dubawa shi ne wurin da ɗakunan suke da yawansu. Biyu ko uku a tsakiyar saƙa, kamar naka, galibi canji ne cikin lumana. Na sha ganin uwa da 'ya suna ƙwai a gida ɗaya na ɗan lokaci. Amma in ka gan su da yawa suna reto a gefe da ƙasan saƙa, gida kuma ya cika maƙil, to shirin rabuwa suke, tsohuwar za ta tashi da kusan rabin jama'a.

Rashin ganin sarauniya kuwa ba hujja ba ne, ta iya ɓuya. Ƙwai za ka nema: ɗan fari siriri, ɗaya tal a gindin kowane rami. Ka juya saƙar rana ta haska ciki. In akwai shi, ba a wuce kwana uku da sarauniya ta yi shi ba.

Yanzu ka rufe, ka ba su mako uku zuwa huɗu. Sabuwar sai ta fita ta sadu da maza a sama kafin ta fara ƙwai, kuma ƙudan zumarmu ba su da haƙuri, yawan buɗewa da hayaƙi kan sa su yi ƙaura gaba ɗaya. In bayan nan ka tarar da ƙwai barkatai, biyu uku a rami guda, ma'aikata ne ke yi, maza kawai za su ƙyanƙyashe. Irin wannan gidan, haɗe shi da wani mai ƙarfi ya fi sauƙi.