Ga ƙanenmu mai son koyarwa da bincike a fannin tono hujja daga na'urori

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu zama. Ka ce ka gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ka kammala bautar ƙasa, burinka ka zama malamin jami'a mai bincike kan tsaron bayanai da tono hujja daga waya da kwamfuta. Kana tambaya ko ka fara da satifiket irin CEH (na ƙwarewa a gwajin kutse bisa izini) ko ka wuce digiri na biyu.

Satifiket na mai neman aiki a banki ko kamfani ne. Jami'a digiri na biyu take dubawa, sai digirin digirgir, sai takardun da ka wallafa. In kuɗin bai isa biyu ba, ka zuba shi a karatu.

Amma ba wannan ya zaunar da ni ba. Abin da ya sha mini kai a farko ba manhaja ba ce. Autopsy da The Sleuth Kit na Brian Carrier kyauta ne, haka Volatility da ake binciken ƙwaƙwalwar kwamfuta da ita. Matsalar ita ce: a kan bayanan wa za ka yi gwajin?

A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suna ɗalibai a MIT, suka wallafa abin da suka samu a tsofaffin faifan ajiya 158 da suka saya. Yawanci ba a goge su da kyau ba, har dubban lambobin katin banki suka tsinta. Da na karanta sai na ce ai ni ma ga kasuwar waya a bakin hanya. Na sayo wayoyi na hannu, na kwana uku ina dawo da abin da aka goge: hotunan biki, saƙonnin miji da mata, takardar asibitin wani bawan Allah. Na rubuta takarda ina jin na kama dahir. Da na tura ta don a wallafa, mai tantancewa ya yi mini tambaya biyu kacal. Ina izinin kwamitin ɗa'a na taɓa sirrin mutanen nan? Kuma ta yaya wani zai maimaita gwajin, tunda ba zan iya ba shi wayoyin ba? Ya kuma lura wasu kwafin ban rubuta musu lambar SHA-256 ba, wadda ita ce shaidar cewa ba a taɓa kwafi ba bayan ɗauka. Wata takwas suka tafi a iska, kuma gaskiya tasa ce.

Don haka ka fara da rumbunan da aka tanada don gwaji, kamar Digital Corpora, da kuma CFReDS wanda yake na hukumar NIST ta Amurka. Ko ka sayi sabuwar waya, ka zuba mata bayanan ƙarya da hannunka, kana rubuta kowane motsi da lokacinsa a littafi. Wannan littafin shi ne rabin bincikenka. Ka karanta ƙa'idar ISO/IEC 27037 kan tattara hujja, da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, wanda ya shimfiɗa sharuɗɗan da kotu ke bi kafin ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta. Kuma kada zumuɗi ya sa ka gwada kutse a shafin wani ba da izini ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ba ruwanta da cewa kai ɗalibi ne.

Wajen wallafawa, ka sa ido kan taron DFRWS na masu binciken tono hujja daga na'urori, wanda aka fara a 2001, da mujallar Forensic Science International: Digital Investigation. Manyan tarukan tsaro irin USENIX Security da CCS ƙofarsu ƙunci gare ta, amma ka riƙa karanta abin da suke fitarwa. Mujallar da ta ce kawo kuɗi a buga maka cikin mako guda, ka guje ta.

Malamin da zai duba aikinka ya fi sunan makaranta muhimmanci. Ka duba me ya wallafa a shekara ukun baya, ka tambayi ɗalibansa a ɓoye ko yana karanta babi. A gida FUT Minna tana da sashen tsaron intanet. A waje akwai Farfesa Hein Venter a Jami'ar Pretoria, da University College Dublin, da NTNU a Gjøvik ta ƙasar Norway. Tallafin TETFund sai ka zama ma'aikacin makaranta tukuna. Batun albashi kuwa, ka shirya ganin ɗalibinka ya riga ka sayen mota.

Da ni ne kai yau, wayoyin da ke aljihun mutanenmu zan kama: Tecno, Infinix, itel, da irin sawun da OPay ko PalmPay ke bari a cikinsu, ko saƙonnin damfara da ake rubutawa da Hausa. Wanda ke Dublin ba lallai ya damu da su ba, kai kuwa ga su a gabanka.

Ka sauke kwafin faifan ajiya ɗaya daga CFReDS a makon nan, ka buɗe shi da Autopsy, ka rubuta shafi biyu kan abin da ka gano da yadda ka gano shi. Ka turo nan, in sha Allahu zan duba maka.