Jinin biƙi ya ɗauke, ya kuma dawo kafin arba'in

Tambaya: Malam, an yi min tiyata aka ciro jariri. Jini ya ɗauke a kwana na 19, na yi wanka na ci gaba da salla, har na rama azumi huɗu. Bayan kwana 9 ya dawo, da wari da zazzaɓi. Ya matsayin salloli da azumina? Yanzu in bar salla?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Na ga damuwa a rubutunki, kamar kina tsoron kin yi laifi. Ba ki yi ba. Mai jego idan ta ga tsarki kafin arba'in, wanka take yi ta yi salla, Tirmizi ya hakaito haɗuwar malamai a kan haka. Sallolinki da azuminki huɗu sun inganta. Tiyatar ma ba ta sauya komai, jinin da ya fito ta gaba shi ake dubawa, ba na wurin ɗinki ba.

Hukuncin yana rataye ne da kwana 9 ɗin nan. Da tsarkin ya kai kwana 15, abin da ya zo bayansa haila ce a mazhabar Malik. Tunda bai kai ba, jinin biƙi ne ya dawo. Ki ajiye salla, ki haɗa kwanakin jinin da na farko, iyakarsu 60. In kin bi masu cewa 40, su ma suna da hujja.

Wataƙila ki ji wani ra'ayi na wasu malaman Hanbaliyya, cewa wannan jini abin shakka ne, don haka ki yi salla da azumi, daga baya ki sake rama azumin. Da girmamawata gare su, ban gamsu ba. Mace dai ko tana da tsarki ko ba ta da shi. In tana da shi azuminta ya yi, to ramuwar ta mece ce? In ba ta da shi, wa ya halatta mata tsayuwa a kan sallaya? Allah bai wajabta wa bawa ibada guda sau biyu ba alhali bai yi sakaci ba. Shakkar ma ta ina ta shigo, ga jini ya zo cikin kwanakinsa, ga sababinsa a fili? Ba a ɗora wa mai ɗanyen ɗinki, mai shayarwa, nauyi biyu da sunan taka tsantsan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne warin da zazzaɓin da kika ambata a gurguje. Irin wannan kan nuna ƙwayar cuta ta shiga mahaifa, ko guntun mabiyiya ya maƙale. Ki je asibiti yau, kada ki jira gobe. Idan jini na jiƙa audugar mata ɗaya cikin awa guda, ko guda-guda na faɗowa, ko jiri na ɗibarki, ko tsakar dare ne a tafi da ke.

Ki isar wa maigidanki saƙona: a yanzu kusantarki haramun ce, bayan tsarki ma ya saurara har likita ya ce ɗinkin ya warke. Kuma shi ya kai ki da kansa.

Allah ne mafi sani.