Tsohuwar GTI ko sabuwa? Abin da za ka sani kafin ka ba mai saye shawara

Ɗana, ka ce wani mai kawo mana gyara ya tare ka da tambaya. Yana son motar Volkswagen Golf GTI ta hannu, ya ga ta zubi na biyar, ya ga ta shida, ya ga ta bakwai. Kuɗinsa za su ishe shi lafiyayyiyar ta biyar har da ragowa, ko kuma ta bakwai wadda ta sha wuya, idan ya karkaɗe aljihunsa kaf. Shi yana ta cewa da tsohuwar zuma ake magani, kai kuma ranka na raya maka sabo ya fi. Na ji daɗi da ba ka yanke masa hukunci nan take ba, ka ce sai ka tambayi maigidanka. Haka ake so. Shawarar bakanike kuɗin mutum take ci ko ta tsare.

Ga abin da nake so ya zauna maka. Kowane zubi na motar nan yana da ciwonsa da aka san shi da shi. Aikinka ka san ciwon, ka san inda yake ɓuya, sannan ka duba ko an yi maganinsa a jikin motar da ke gabanka. Lambar zubin tana gaya maka inda za ka kai fitila ne kawai.

Tarihin ba zai ɗauke mu lokaci ba. Volkswagen ta nuna GTI ta farko a baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, ta shiga kasuwa a 1976 da inji mai lita 1.6, ƙarfin doki 110, nauyinta kilo 810 kacal. Rashin nauyin nan shi ne sirrinta. Ta biyu ta biyo sahu, ta samu inji mai bawul 16 a 1986. Ta uku da ta huɗu sun ƙara jiki, sun rage zafin nama, har masu son motar suka fara ƙorafi. Ta ɗaya da ta biyu yanzu motocin masu sha'awa ne, waɗanda ke da wata motar hawa daban kuma ba sa jin ƙyashin farautar kayan gyara. Mutuminka motar zirga-zirga yake nema, don haka maganarmu daga ta biyar za ta fara.

Ta biyar ta fito a 2004, kuma ita ta dawo wa sunan da martabarsa. Injinta EA113 ne, lita 2.0 mai tobo, doki 200, kuma a kanta aka fara sa ƙafafun baya masu hannuwa da yawa, shi ya sa take kwanciya a kwana yadda ta huɗu ba ta iyawa. Ina son motar nan, ba zan ɓoye maka ba. Sitiyarinta na gaya wa hannunka abin da taya ke yi, kuma kusan duk abin da ya lalace a jikinta bakanike mai hankali zai kai gare shi da sifana.

Amma tana da wani ɗan ƙarfe da za ka sani kamar sunanka. Tsakanin famfon mai mai matsin ƙarfi da sandar kam, wadda ke buɗe bawul, akwai ɗan kofi, girmansa bai wuce murfin kwalba ba. Kam na bugunsa duk juyawa, shi kuma yana tura famfon. Ka sauke matsin man tukuna, ka kwance ƙusoshi uku da ke riƙe da famfon, ka zaro kofin ka juya shi a haske. Sabo baƙi ne sumul. Idan baƙin ya goge tsakiya ta fara ƙyalli, lokacin canji ya yi. Idan ka ga ya lotsa ko ya huje, to kam ɗin ya riga ya ci, bakin famfon ya ci, garin ƙarfe kuma ya bi baƙin mai ya zaga inji. Dubawar da ba ta ɗaukar rabin awa, in aka yi sakaci da ita, ita ke jawo babban gyaran inji. Duk wanda zai sayar da ta biyar bai san ranar da aka duba kofin nan ba, ka ɗauka ba a taɓa dubawa ba.

Bayan shi sai bel ɗin taimin. Injin nan irin wanda fistin da bawul ke raba wuri ɗaya ne, bel na tsinkewa sai su gwabza. In babu takardar da ta nuna yaushe aka canja shi tare da famfon ruwa, a sa kuɗin canjin cikin lissafin saye tun kafin a yi ciniki. Sannan ka durƙusa ka shafa bakin fuka-fukan gaba, saman taya. Akwai soso a ciki da ke riƙe danshi, daga nan tsatsa ke fara kumbura fenti. Motar da ta kai shekara ashirin ko ta doshi haka, robobinta ma sun gaji: bushin, tiyo, kujerun inji, shakazoba. Ba ɗayansu mai tayar da hankali, amma idan suka taru suna cin aljihu.

Ta shida, ta 2009, ita ce nake so ka fi yi wa taka-tsantsan, domin ita ce mai ruɗi. Ta fi ta biyar kyan ciki, ta fi ta shiru, doki 210, kuma mai sayarwa zai ce maka babu ruwanka da bel, sarƙa ce. Gaskiya ne, injin EA888 sarƙa yake amfani da ita, kuma matsalar ɗan kofin nan ta kau domin an sa mai ɗan taya da ke mirginawa. Sai dai abin da ke ɗaure sarƙar ya riƙe ta tamau, a shekarun farko yana saki. Da matsin mai yake aiki, yana kuma da haƙoran da ke hana shi komawa baya idan an kashe mota. Haƙoran na gazawa, sarƙa ta yi sako-sako cikin dare, da safe a murza makulli ta tsallake haƙori, bawul su lanƙwashe. Kamfanin ya sake fasalinsa wajen 2012. Saboda haka kada ka yarda a kawo maka ta shida da zafinta. Ka ce a bar ta ta kwana, kai za ka tayar da ita da kanka, bonet a buɗe, kunnenka a gefen sarƙar. Ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ishe ka shaida. Rashin ƙarar kuma ba wanke ta ya yi ba: akwai ɗan murfi a jikin marufin taimin na ƙasa, ka cire ka leƙa da madubi ka ga tsohon samfuri ne ko sabo, ka kuma jona kwamfuta ka karanta yadda sarƙar ta miƙe. Ta shida da aka yi wa wannan aikin mota ce mai kyau. Wadda ba a san labarinta ba, ni dai ba zan sa bakina a saye ta ba.

Ta biyar da ta shida suna da ciwo ɗaya da suka yi tarayya a kai. Nozul na fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya wanke bayan bawul ɗin shaƙar iska, sai baƙin dauɗa ya daskare a wurin. Za ka ji mota na karkarwa a silo da sanyin safiya. Sai an buɗe an kankare, maganin zubawa a tanki ba ya kaiwa can.

Ta bakwai ta zo a 2013 a kan sabon ƙashi da suke kira MQB. Doki 220, ko 230 a samfurin Performance, wanda aka ƙara wa na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba don kada ta ciki ta riƙa juyawa a banza a kwana. Ƙarfin jan ta ya tashi daga 280 na ta shida zuwa 350 a ma'aunin Nm, wannan kuwa direba a bayansa yake jin sa tun daga ƙasan totur. A 2017 aka yi mata kwaskwarima, ta koma doki 230 da 245. In ka tambaye ni wacce ta fi cika a duk zubin, ita ce. Tana da gudu, ba ta cika shan mai ba in aka lallaɓa ta, kuma har yanzu maɓallanta na gaske ne da hannu ke lalubowa ba sai ido ya bar titi ba. Ciwonta sananne ne: gidan famfon ruwa da tamostat na roba ne, zafi na gasa shi har ya fara tsatsafa. Ka haska ƙarƙashin bututun shaƙar iska, idan ka ga busasshen gishiri-gishiri mai ruwan hoda, ko ka ji ɗan ƙamshi mai zaƙi bayan an kashe inji, ka gan shi ke nan. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A sa shi a lissafi, a riƙa duba tulun ruwa, ba abin fasa ciniki ba ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ta bakwai mai araha shi ne hannun da ta fito. Injin nan yana karɓar ƙarin ƙarfi cikin sauƙi idan aka taɓa manhajar burenbos, wato kwamfutar inji, shi ya sa samari da yawa suka taɓa. Kulocin mai giyar hannu ba ya jure wannan ƙarin. Ka sa ta a giya ta biyar ko ta shida tana tafiya a hankali, ka take totur har ƙasa. Idan allurar inji ta haura amma gudun bai bi ta ba, kuloci ya tafi. Salansa da aka canja, tayoyi huɗu kowace da sunanta, baƙin mai da ba wanda kamfani ya rubuta ba, duk labari suke ba ka.

Maganar giya ta shafi dukansu. DSG, wato giyar otomatik ɗinsu, mai giya shida kulocinta biyu a cikin mai suke wanka, kuma man nan da matatarsa ana canja su duk kilomita 60,000. Mutane da yawa ba sa yi, suna zaton man giyar otomatik na har abada ne. Ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai, sannan ka gwada tashi a hankali, ka gwada ribas a ɗan tudu. Fizga ko jinkiri na nuna kuloci ko ƙwaƙwalwar giyar, kuma wannan gyara ne mai nauyi.

Ta takwas, ta 2020, mai doki 245, ba ta cikin tambayarsa, amma kai tana cikin taka, domin za ta shigo garejinka wata rana. An kwashe maɓallai an mayar allon taɓawa, masu saye suka yi ta kuka, har a kwaskwarimar 2024 aka dawo da maɓallan sitiyari, ƙarfi ya kai 265, giyar hannu kuma aka daina yin ta. Abin da ya shafe mu shi ne an kulle wasu sassan kwamfutarta, ba ka canja saiti sai ka samu izini daga kamfani ta intanet. Ka dage da koyon lantarki da karatun kwamfuta tun yanzu, ɗana, ina gaya maka wannan ne da zuciya ɗaya.

To ga abin da za ka faɗa wa mutuminka. Idan kuɗinsa za su sayi ta bakwai mai takardun sabis kuma su bar masa abin canja famfon ruwa da man giya, ya saye ta, ba zai yi nadama ba. Amma yadda ka bayyana min, kuɗinsa ta bakwai da aka wahalar kawai suke kaiwa, kuma babu abin da zai rage. A wannan hali lafiyayyiyar ta biyar ta fi masa, da sharaɗin ragowar kuɗin ba na kwalliya ba ne: bel da famfon ruwa, ɗan kofin nan, man DSG idan otomatik ce, sannan robobin ƙafa. Ta shida kuma sai idan mai ita ya nuna takardar aikin sarƙa, ko ya rage kuɗin aikin daga farashi.

Ko wacce ya zaɓa, kada ya biya ko sisi sai ta kwana a wurinmu. Kai za ka tayar da ita da safe, kai za ka jona kwamfuta, ka kuma duba ko an goge laifukan da ta ajiye kwanan nan don a ɓoye mana wani abu. Idan ka gama ka rubuta abin da ka gani, sannan ka kira ni mu shiga ramin gareji tare.