Tambaya da Amsa: Shatar mota da ɗan jagora daga Delhi zuwa Taj Mahal a yini guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kawo mahaifiyata Delhi aikin ido, an yi an gama lafiya, alhamdu lillahi. Likita ya ce mu dawo bayan kwana goma ya sake dubawa. Hajiya ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga Taj Mahal. Wani mai kamfanin yawon buɗe ido kusa da masaukinmu ya ce zai ba mu mota da direba da ɗan jagora, mu kaɗai, mu je Agra mu ga Taj Mahal da fadar Agra da Fatehpur Sikri mu dawo a ranar, wai komai da komai yana cikin kuɗin. Yana son in biya duka tun yanzu. Mu uku ne, har da ƙanwata. In amince? Me ya kamata in tambaye shi kafin in ba da kuɗi? Daga wani mai karatu ɗan Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri.

Shatar mota ita ce daidai da ku. Mai tafiya da dattijuwa da aka yi wa aiki bai kamata ya shiga bas ɗin rukuni ba, inda sai an jira kowa kuma ba mai jiran ka. Amma kada ka amince da tsarin yadda ya kawo maka shi, kuma kada ka biya duka. Kafin ma a zo maganar kuɗi, ka nemi izinin likita, don tafiyar akwai rana da ƙura, farin dutsen Taj Mahal kuma yana kashe ido idan rana ta take, ko ga mai lafiyar ido. Hajiya ta riƙe baƙin tabarau da maganin ɗigawarta.

Sai maganar ranar tafiya. Ana rufe Taj Mahal ga masu ziyara kowace Juma'a. Masallacin da ke cikin harabar yana yin sallar Juma'a, amma mazauna Agra masu katin shaida kawai ake bari su shiga, don haka kada wani ya ce maka tunda ku Musulmi ne za a shigar da ku. Asabar da Lahadi kuwa cunkoso ne, saboda 'yan ƙasar kansu a ranakun suke zuwa. Ka zaɓi tsakanin Litinin da Alhamis.

Abin da kake saye a irin wannan tafiya sa'o'i ne, kuma ba su da yawa. Daga Delhi zuwa Agra ya haura kilomita 200. Babbar hanyar Yamuna da aka buɗe a 2012, mai tsawon kilomita 165 daga garin Greater Noida da ke gefen Delhi, tana da kyau ƙwarai, amma kafin ka fita daga cikin Delhi ka hau ta, da kuma bayan ka sauka ka shiga cunkoson Agra, awa uku da rabi zuwa huɗu sun tafi. Zuwa da dawowa awa bakwai ke nan in an yi sa'a. Idan kuka tashi ƙarfe shida na safe kuka dawo takwas na dare, awa bakwai suka rage muku. Taj Mahal zai ci biyu da rabi zuwa uku da tafiyar dattijuwa, abinci da salla su ci ɗaya da wani abu, fada ta ci ɗaya da rabi ko biyu, ragowar kuma ta ƙare a titunan gari.

To ina Fatehpur Sikri za ta shiga? Tana wajen kilomita 40 yamma da Agra, kusan awa guda zuwa, awa guda dawowa. Ba wuri ne da ake leƙawa a fito ba. Birni ne sukutum da Sarki Akbar ya soma ginawa a 1571 don girmama Shehu Salim Chishti, wanda ya yi masa albishir da haihuwar ɗa namiji. Sarkin ya zauna a can har 1585, sannan fada ta tashi. Akwai babban masallaci, da hubbaren Shehun, da ƙofar Buland Darwaza da ta haura mita 50 idan aka auna daga ƙasa, wadda ake hawa wurinta ta matakala masu tsayi. Filaye ne na jan dutse da babu inuwa sosai. Ya cancanci rabin yini shi kaɗai. Wanda ya cusa shi cikin tafiyar yini guda, daga lokacin Taj Mahal zai yanko, kuma Hajiya za ta isa can ƙafa ta riga ta ƙi. Ni dai shawarata ka cire shi, ka ce a rage kuɗin gwargwadon haka. Idan kun matsu sai kun gan shi, ku kwana a Agra.

Za a kuma iya yi maka tayin tashi ƙarfe biyu da rabi ko uku na dare don ku riski fitowar rana, tunda ana buɗe ƙofa rabin awa kafin hudowarta. Kyan wurin a lokacin ba ƙarya ba ne, mutane kuma ba su cika ba. Amma wannan na matasa ne, ko na wanda ya kwana a garin. A Disamba da Janairu ma asara ce, domin hazo kan rufe ginin har hantsi, kuma yana haddasa munanan haɗurra a kan babbar hanyar, shi ya sa ake rage iyakar gudu a watannin. A Mayu da Yuni kuwa zafi yakan wuce digiri 40, sai a so a gama da Taj Mahal kafin rana ta yi tsaka.

Yanzu ga inda aka fi cutar baƙo. Idan ka ga farashi ya yi sauƙi fiye da na kowa, to araha ba ta ado: cikon kuɗin yana shago. Direba da ɗan jagora suna da kamasho a shagunan kayan marmara da darduma da gwala-gwalai. Za a ce maka za a kai ku ku ga jikokin maginan Taj Mahal suna aikin hannu. Za ku tarar da mutum biyu ko uku zaune suna goge duwatsu, a kawo shayi, sai a buɗe ƙofar ciki inda ake ciniki. Sana'ar ta gaskiya ce, sunanta parchin kari, wato dasa ƙananan duwatsu masu launi cikin marmara, kuma tana da ban sha'awa. Sai dai farashin da za a faɗa maka yana ɗauke da rabon wanda ya kawo ka, awa guda kuma ta salwanta. Ka faɗa tun a Delhi cewa ba za ku shiga shago ba sai in kai ka nema, a kuma rubuta. In sun ƙara ɗan kuɗi saboda haka, ka biya, ya fi maka. A bakin ƙofofin ma akwai masu tare baƙi, waɗanda mutanen Agra ke kira lapka, kamar dai 'yan kamashon tashar mota. Wannan ya ce shi jagora ne, wancan ya ce zai tsallakar da ku layi. Amsarsu ɗaya ce: mun gode, muna da namu.

Ɗan jagoran da za a ba ku galibi ba daga Delhi zai biyo ku ba, a Agra zai tarbe ku. Ka nemi sunansa da hoton katin lasisinsa tun kafin ranar. Lasisin daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasa yake fitowa, ko daga ta jihar Uttar Pradesh, inda Agra take. Ka kira shi ku yi magana minti biyu ka ji ko kana gane Turancinsa, tunda kai ne za ka riƙa fassara wa Hajiya. Akwai masu jin Larabci, in ya fi muku sauƙi. Ga kuma gwaji mai sauƙi: tambaye shi ko gaskiya ne an yanke hannayen magina bayan sun gama aiki. Idan ya tabbatar maka da haka, ɗan tatsuniya ne, don babu wata shaidar tarihi a kai. Haka nan labarin cewa Shah Jahan, sarkin da ya gina wurin, ya yi niyyar gina baƙin Taj Mahal a tsallaken kogi.

Maganar "komai da komai" kuwa, a warware maka ita a rubuce, ko da ta WhatsApp ne: irin motar da lambarta da ko na'urar sanyinta na aiki, kuɗin babbar hanya da harajin shiga jihar da na ajiye mota, ladan ɗan jagora, abinci, lokacin tashi da na dawowa, da abin da za a mayar maka idan likita ya hana tafiya. Tikiti shi ne ya fi kawo gardama. A farashin 'yan shekarun nan baƙo yana biyan rupi 1,100 na shiga haraba, sannan ƙarin rupi 200 idan zai hau ya shiga cikin hubbaren, wato farin ginin kansa. Wasu kamfanoni na farkon kawai suke saye, sai kun isa gindin ginin a tare ku. Kana iya sayen duka biyun da kanka ta shafin hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wato ASI, in katinka na banki ya yarda ya yi aiki. Tikitin na awa uku ne, wanda ya zarce sai ya yi ciko. Kowa ya riƙe fasfonsa. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ka karɓi rasit, cikon sai kun dawo masauki. Tukwicin direba da na jagora daban ne, a hannu ake ba su a ƙarshe, gwargwadon yadda suka kyauta.

Motarku ba za ta kai bakin ƙofa ba. An hana masu amfani da fetur da gas matsowa kusa saboda hayaƙi na ɓata farin dutsen, sai a ajiye ta a hau ƙaramar mota mai batir. Ta ƙofar gabas ko ta yamma ake shiga. Layin bincike na mata daban ne, mata ne ke duba su, don haka ƙanwarka ta riƙe hannun Hajiya. Ba a shiga da abinci ko taba ko babbar jaka. Ana ba baƙo ruwan gora da ledar rufe takalmi. Akwai keken marasa lafiya a ofishin hukumar, ka sa ɗan jagora ya nemo shi tun daga farko, domin daga babbar ƙofa zuwa hubbaren sai an ratsa lambu mai tsawon kusan mita 300.

A babbar ƙofar nan nake son ku dakata, ko da jagora yana gaggawa. Rubutun da ya zagaye ta Suratul Fajri ce, an dasa haruffan da baƙin dutse cikin farin marmara, kuma surar tana ƙarewa da kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljannarsa. Daga nan mutum yake ratsawa ya faɗa lambun. A manyan bakunan hubbaren guda huɗu kuma Yasin ce. Amanat Khan ne marubucin. Yawancin masu ziyara ado kawai suke gani, amma Hajiya za ta ɗaga kai ta karanta abin da ta haddace tun tana makarantar allo. Sarki Shah Jahan ne ya gina wurin saboda matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta goma sha huɗu. An soma aiki a 1632, aka kammala harabar wajen 1653, da marmara da aka ɗauko daga Makrana a Rajasthan. Kaburbura biyun da ake gani a sama alama ce kawai, na ainihin suna ɗakin ƙasa da ake rufewa. Ba a ɗaukar hoto a ciki.

Fadar Agra tana wajen kilomita biyu da rabi daga nan. Akbar ya soma gina ta da jan dutse a 1565, wani ɓangare mai yawa kuma har yau yana hannun sojojin Indiya, ba a shiga. Akwai ɗan hawa daga ƙofar Amar Singh. Idan Hajiya ta gaji, ka ce a kai ku kai tsaye hasumiyar Musamman Burj, ɓangaren da Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan bayan ya karɓe mulki a 1658. A fadar ya zauna har ya rasu a 1666, ana hango Taj Mahal daga can a gefen kogin Yamuna.

Salla kada ka dogara da masallacin Taj Mahal. Babban masallacin Agra, wanda aka gina a 1648 da sunan Jahanara 'yar Shah Jahan, yana kusa da fada, ko da yake cikin kasuwa yake kuma hanyar a matse take. Abinci ka ce a kai ku gidan abincin Musulmi, ko ku ci wanda babu nama, wanda ake samu ko'ina. In an bar wa direba zaɓi, inda yake da kamasho zai tsaya.

Akwai kuma jirgin ƙasa na Gatimaan, mai tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da misalin ƙarfe takwas da minti goma na safe, ya isa Agra cikin kusan awa ɗaya da minti arba'in, sai mota da jagora su tarbe ku a can. Ya fi sauri, amma tashar akwai matakala da turereniya, kuma kun ɗaure kanku da lokacin komawarsa da yamma. Da mota kuwa, duk sa'ar da Hajiya ta ce ta gaji sai ku juya.

Idan likita ya ce tafiyar ta yi nisa, hubbaren Sarki Humayun yana nan cikin Delhi, kusa da waccan tashar. An gama shi wajen 1570, fiye da shekara sittin kafin a aza tubalin Taj Mahal, kuma yana da irin ƙubbar da lambun mai kashi huɗu da aka faɗaɗa daga baya a Agra. Tasi ta isa, awa biyu kun gama kun koma masauki.